Shaidar Rabe a Shingen Hanyar Jidda

Rabe yana ɗinkin takalmi a ƙofar gidansa da ke unguwar Tandabawi a Makka, a shekarar 1951, sai ga Idris mai yi wa alhazai jagora ya shigo yana haki.

"Ya Rabe, tashi. An tsare wani Bature a shingen hanyar Jidda. Ya ce shi Musulmi ne, amma takardar musuluntarsa ta jiƙe a jirgin ruwa, ba ta karantuwa. Sunanka kaɗai ya sani a Makka."

"Wane Bature?"

"Tsoho ne mai ɗingishi. Abdulƙadir."

Rabe ya ajiye basilla. Baturen nan asalin sunansa Wilfred Garsdale. A masaƙa ya tashi, can arewacin Ingila, ya yi shekara goma sha biyu yana buga ƙwallo a matsayin mai tsaron baya, har yaƙin duniya na farko ya lalata masa gwiwa. Da ya warke ya zama manajan wata ƙaramar ƙungiya. Aka ci su wasa tara a jere, aka sallame shi. Daga nan ya gangaro Atbara ta Sudan, yana horar da ƙungiyar ƙwallon ma'aikatan jirgin ƙasa. A can Rabe, wanda iyayensa suka yada zango a hanyarsu daga Kano zuwa Makka, ya yi masa gola shekara shida.

Suka hau motar kaya. Duk hanya Rabe tunani yake yi. Rabonsu da juna shekara ashirin. In ya kasa gane shi fa, ko askari ya ƙi karɓar maganar baduku?

Suka tarar da tsohon zaune a inuwar rumfa sanye da harami, rana ta gasa masa kafaɗu sun yi jajir. Ya ɗago kai ya dubi Rabe tun daga sama har ƙasa, ya ce da Larabcin Sudan, "Ka yi ƙiba. Yanzu ƙwallo ba ta da inda za ta bi."

Dariya ta ƙwace wa Rabe, hawaye na biye da ita. "Usta, sannu da hanya," ya ce, da sunan girmamawar da suke kiransa da shi a Atbara.

Askarin bai yi murmushi ba. "Ka san shi?"

"Na san shi, ranka ya daɗe. Ina sahu na biyu a masallacin Atbara ranar da ya karɓi kalmar shahada. Azumi uku muka yi tare, yana tsaye a fili da bakinsa a bushe yana yi mana tsawa."

"Za ka rantse?"

"Wallahi zan rantse."

Askarin ya sa tsohon ya karanta Fatiha. Ya karanta a hankali, harshensa na tuntuɓe, amma bai tsallake ko aya ɗaya ba. Askarin ya juya jiƙaƙƙiyar takardar, ya duba bayanta. Sannan ya buga hatimi.

"Tayyib. Ku wuce. Allah Ya karɓa."

Rabe ya kama hannun tsohon, ya taimaka masa ya miƙe.

A mota tsohon ya ce matarsa ta rasu bara, ya sayar da gidansa na Atbara. Da gidajen Makka suka fara bayyana tsakanin duwatsu, ya kama talbiyya.

"Gidana za ka sauka, Usta," in ji Rabe. "Maryama, uwargidana, ta daɗe tana cewa ƙarya nake, ban taɓa tsare gida a filin ƙwallo ba. Yau kai za ka ba da shaida."