Wankan Jegon Hamsatu

Inna Zara'u ba ta taɓa barin mai jego ba wanka a garin Kona ba, balle 'yar cikinta Hamsatu. Da aka ciro wa Hamsatu ɗa ta hanyar fiɗa, ungozomar asibiti ta ja kunne cewa kada ruwan zafi ya kusanci ɗinkin. Inna ta ce to, irin to ɗin da tsofaffi kan ce wa yara. Suna isa gida ta ɗora tukunya, ta karyo ganyen bedi, wato dogon yaro, ta shiga fyaɗa wa 'yarta tafasasshen ruwa safe da yamma.

Ɗinki ya warke sumul, yaro har ya fara zama. Sai bayan an girbe hatsi ciki ya soma kumburi, zazzaɓi yana zuwa yana komawa. Inna ta tabbata wankanta ne ya dafa wa yarinyar ciki. Duk ranar da Illo, mijin Hamsatu, ya kawo zancen asibiti, sai ta ce sanyi ne, a bari ta gwada wani jiƙo. Tsoro take ji a tsare ta gaban suruki a ce ita ta kashe 'yarta. Abin tausayi, tsohuwa ta rame fiye da mai ciwon.

Ranar da Hamsatu ta yanke jiki ta faɗi a bakin turmi, Illo bai nemi shawarar kowa ba, ya ɗaura amalanke, ya kai ta asibiti.

Aka sake buɗe cikin. Likita ya fito da ɗan ƙyallen auduga a faranti, ya ce wajen aikin farko aka manta shi a ciki. Ran Hamsatu ya tsira, amma daɗewar ta ɓata mahaifa, dole aka cire ta. Illo ya rantse sai ya kai ƙara har Maraɗi. Inna kuwa zancen ruwan zafi kawai take tambaya, likita ya ce babu hannun wanka a ciki.

Inna ta shiga wurin 'yarta, ta ce, "Ɗiyata, yaushe ciwon nan ya fara miki?"

"Tun kafin arba'in, Inna," in ji Hamsatu, muryarta can ƙasa. "Ni ma na ɗauka wankan ne. Na yi shiru don kar a ce ke ce."