Waƙa Biyu, Markesa Ɗaya

Ranar da takarda ta iso daga fada cewa Sarki ya ba Doña Empar Sanchis sarautar Markesa saboda hidimarta ga kiɗa, ba ta ko gama karantawa ba ta hango rigima. Ta san garinsu. Duk wanda aka karrama sai an tsara masa waƙarsa, ya taka a gaba, 'yan badujala na binsa da busa har dandali. To ƙungiyar badujala biyu ce a garin, 'yan Tudu da 'yan Gangare, kuma tun kakanni ba sa ga maciji da juna. Wuri ɗaya 'ya'yansu ke haɗuwa: makarantar kiɗan da ta gina shekara talatin da suka wuce. In ta zaɓi ɓangare ɗaya, ɗayan zai kwashe yaransa a ranar.

Kafin azahar Batiste, ɗan baffanta kuma madugun 'yan Tudu, ya shigo da takardun waƙa a hammata. Bai zauna ba sai ga Chimo, ƙanin marigayi mijinta, madugun 'yan Gangare, da nasa.

"Ranki ya daɗe, Markesa," in ji Chimo, har da rusunawa. "Tawa ta fi dacewa da takunki."

"Yaya, kada ki saurare shi," in ji Batiste, yana kallon bango. "Mutanensa in sun busa, har jakuna amsa musu suke."

Shekara ashirin ke nan mutanen nan ba su yi wa juna magana kai tsaye ba, sai dai ta bakin bango ko ta bakinta. Ta zuba musu kunun aya mai sanyi, ta karɓi takardun, ta jujjuya su kamar mai nazari, alhali ita ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa a rubutun kiɗa. Sai ta miƙa wa Batiste na Chimo, ta miƙa wa Chimo na Batiste, ta ce:

"Daga gida zuwa coci, 'yan Tudu su busa waƙar Chimo. Daga coci zuwa dandali, 'yan Gangare su busa ta Batiste. Wanda ya ga ta fi ƙarfinsa ya faɗa tun yanzu, ba abin kunya ba ne."

Wa zai faɗa? Kowa ya naɗe takarda ya fita yana huci.

Mako uku gari bai huta ba. Da farko kowa ya so ya kwaɓa waƙar ɗan'uwansa da gangan, sai suka tuna duk gari zai ce su ne ba su iya ba. Saboda haka kowane ɓangare ya duƙufa, wai sai ya busa ta fiye da mai ita. Doña Empar tana jiyo su daga tagarta, tana dariya, amma barci bai cika ɗaukarta ba.

Ranar bikin ta fito da baƙin mayafin leshi, 'yan Tudu a bayanta. Wallahi sun busa. Ta saci kallon Chimo a bakin titi, ta ga hannunsa na bin kiɗan ba da saninsa ba. A ƙofar coci 'yan Gangare suka karɓa, Batiste kuwa ya bi su a gefe har dandali, ya manta ana kallonsa.

Da aka tsaya, Batiste ya matso gaban Chimo. Duk dandali aka zuba musu ido, har da ita.

"A tsakiya ka yi sauri," in ji Batiste. Ya yi gyaran murya. "Amma haka ta fi daɗi. Ni ban gane ba sai yau."

"Taho in nuna maka wurin," in ji Chimo, ya buɗe takardar.

Magajin gari yana ta kiran Markesa ta hau dandamali. Ta ce ya dakata, ba ta gama kallo ba.