Ruwan Zafi Kawai

Ruwan ya tsaya cak a sinkin kicin, baƙi ƙirin, maiƙo yana yawo a samansa. Mai Kwata ya leƙa shi daga bakin ƙofar baya, domin nan ce iyakarsa a wannan gidan. Shekara shida yana buɗe musu magudana, bai san launin falonsu ba.

"Tun yaushe ya toshe, Hajiya?"

"Yau kwana uku," in ji matar gidan, ta toshe hanci da bakin gyale. Maigidan yana tsaye bayanta da makullin mota a hannu, yana duba agogo kamar agogon ne ya toshe bututun.

"An zuba masa wani abu? Soda ko asid?"

A kowane gida sai ya yi wannan tambaya. A da, cika ladabi ce kawai, don ko me aka ce masa zai sunkuya ya shaƙa, idan akwai magani a ciki sai ya ji ya soke shi har cikin ƙwaƙwalwa. Amma shekara talatin na ɗoyi sun cinye hancin. Bara ya daina jin wari ko ƙamshin komai. Matarsa kaɗai ta gano, ranar da tukunya ta ƙone ƙurmus a gabansa yana zaune yana ɗinke takalmi. Ta ce ya bar aikin. Ya ce ya bari ya kama me, da furfurar nan? Tun daga ranar abu biyu suka rage masa: hannun damansa, da gaskiyar masu gida.

Maigidan ne ya riga matar amsawa. "Wace irin soda? Ai na hana. Wancan karon ita ta lalata bututun, sai da aka farfasa min tayil." Ya juya ya dube ta. "Ko kin zuba?"

"Ruwan zafi kawai na zuba ɗazu," ta ce, idonta a ƙasa.

Mai Kwata ya ɗauki buhunsa ya zagaya.

*

A bayan kicin akwai ƙaramin rami mai murfin siminti, inda bututun sinki yake zubowa kafin ya wuce babbar kwata. Ya ture murfin, ya zura doguwar wayarsa. Ta tafi kamu guda ta cije. Ya murɗa, ya ja, ya sake turawa, ta ƙi. Ya san wurin, lanƙwasar nan ce da wanda ya gina gidan ya yi da ka, kowa kuma yake biyan wahalarta da gwiwa.

Ya naɗe hannun riga, ya kwanta a kan kafaɗa, ya cusa hannu har gwiwa. Bai taɓa yarda da safar roba ba. Yakan ce tana makantar da yatsu, shi kuwa da yatsu yake gani a cikin duhun bututu.

Ruwan da ɗumi. To, ai ta ce ta zuba ruwan zafi. Yana da santsi sosai, fiye da yadda ya saba. To, gidan masu soye-soye ne, maiƙo ba ya yankewa. Ya ci gaba da lalube. Ya zaro guntun soso, ya zaro leda, ya zaro ƙaramin cokali wanda ya tabbata an daɗe ana zargin wani da shi. Gajiya ta danne masa ƙugu. Ya yi tunanin gidaje biyun da suke jiransa kafin rana ta faɗi, ya ji ba ya son zuwa ko ɗaya.

Ƙaiƙayi ya fara a tsakanin yatsu. Ya share, kwata ba ta rasa abin cizo. Ya kamo curin da ya toshe lanƙwasar, yana ɓarzarsa da farce kaɗan kaɗan. Ya kai minti goma a haka kafin ƙaiƙayin ya koma wuta.

Da ya zaro hannun bai gane shi ba. Fatar ta yi fari fat, ta yi laushi kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Ya taɓa bayan hannun da yatsan hagu, fatar ta biyo yatsan.

Ya rarrafa zuwa famfon tsakar gida. An cire kan famfon, don kada maƙwabta su riƙa ɗiba. Ya miƙe ya nufi ƙofar kicin yana riƙe da hannun a sama.

"Ruwa, Hajiya. Ruwa mai yawa. Soda ce."

Sinkin yana cike da ruwan da ya ƙone shi. Amma ga ƙofar banɗaki can a buɗe, taku biyar daga inda yake, yana hango famfon. Ya ɗaga ƙafa. Maigidan ya dubi baƙin taɓon da ke jikin silifas ɗinsa, ya dubi kafet.

"Tsaya nan, Baba. Yanzu za a kawo maka."

Ya tsaya. Shekara shida sun koya wa ƙafarsa tsayawa a wurin nan, ko yau ma ba ta yi gardama ba.

Matar ta fito da jug ɗin shan ruwa. Ta tsiyaya masa daga nesa, rabin ruwan yana zuba a ƙasa. Ta koma ta ciko, ta sake komawa. A zuwa na uku suka haɗa ido. Ya ga tsoro ƙarara a fuskarta, kuma ya gane ba hannunsa take tsoro ba, mutumin da ke bayanta ne.

Sai bututun ya yi gurnani, ruwan sinkin ya fara sulalewa.

"Ka ga ya buɗe," in ji maigidan. Ya fita titi da kansa ya tare masa motar haya. Tasa motar ba a daɗe da wanke ta ba.

*

Nas ɗin da ta wanke ciwon ba ta iya ɓoye magana ba. "Baba, da ka sa hannun nan a bakin famfo tun farko, da fata kawai za ta ci. Yanzu ta shiga nama. Yatsu ukun nan ban san ko za su sake lanƙwasa ba."

"Babu famfo a gidan ne?" in ji matarsa.

"Akwai," ya ce.

*

Kwana huɗu bayan haka yana zaune a ƙofar ɗaki da hantsi, hannun a naɗe cikin bandeji a kan cinyarsa, wayarsa ta salula ta yi ƙara. Matarsa ta zaro ta daga aljihunsa ta kara masa a kunne. Hajiya ce. Ya gyara zama. Ya ji daɗi, har ya ji kunyar daɗin da ya ji.

"Baba, ya jikin?" Muryar tana ƙasa ƙasa. Ba ta jira amsa ba. "Don Allah, maigidan zai iya kiranka. Idan ya tambaya, ka ce wani gidan ka fara zuwa kafin namu, can ka taɓa maganin. Ka rufa min asiri. Ka san halin maza."

Matarsa tana jin komai.

"To, Hajiya. Allah ya rufa mana baki ɗaya."

Matarsa ta kashe wayar. "Malam, har da wannan ma kai za ka kwashe musu?"

"Idan na faɗa, yatsun za su dawo?"

Ta ajiye masa kwalbar magani da kofin ruwa, ta koma wajen wanki. Ya matse kwalbar a tsakanin gwiwoyinsa, ya kama murfin da hagu ya murɗa. Ya zame. Ya goge yatsun a riga ya sake kamawa. Ita kuwa ta juya masa baya, tana ta cuɗa rigar da ta riga ta fita tas, tana sauraren ko murfin zai buɗe.