Shekarar Hannun Dama

Laraba ba ta taɓa damuwa da lambar shekarar da aka haife ta ba. In an tambaye ta, cewa take shekarar da mota ta koma hannun dama, wanda ya yi boko ya je ya lissafa da kansa. Haka Goggo Kellu, yayar ubanta, ta koya mata, don ita ta raine ta a Katagum tun tana tsumman goyo. Uwar Laraba ta rasu ko arba'in ba a yi ba, ubanta Malam Yunusa kuma ya bi bayanta yarinyar ba ta yi wayo ba.

Labarin shekarar nan shi ne tatsuniyar gidan, kuma Goggo ba ta ba da shi sai hannunta na ɓarar gyaɗa. Ta ce lokacin yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, sojojin da suka dawo suna yawo a kasuwar Azare da rediyo rataye a kafaɗa, kowa na kauce musu. A rediyon kullum waƙa ake ana roƙon direbobi su bar hagu su kama dama, har mata suka ɗauke ta suka kai gindin turmi. Kuɗi fam ne da sule, ba a san wata jihar Bauchi ba, mai babban kuka sai ya nufi Maiduguri. Motocin gyaɗa na fita a jere zuwa Kano, kifi kuwa a Katagum baƙo bai isa ya saya ba, sai dai a cika masa ƙwarya. Ranar da dokar ta fara aiki wani mai jaki ya tsaya tsakiyar titin Azare yana tambaya ko har da jakuna. A nan Laraba kan faɗi ƙasa don dariya, ko da ta ji shi sau nawa.

Daga jaki sai Goggo ta gangaro kan Amarya, wato uwar Laraba. 'Yar Fulani ce doguwa mai wushirya, daga wata ruga ta wajen Gadau, Hausarta ma ba ta gama nuna ba. A makon nan ne ta fara shiga mota, da tsohon ciki, ita da Goggo za su Azare sayen zanen goyo. Direba ya mance ya kama hagu, ya tuna ya fizgo dama, fasinjoji suka zube a jikin juna suna salati, ita kuwa Amarya ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye. Wannan dariyar ita ce kaɗai gadon da Laraba ta ci a wajen uwarta.

Sunan Amarya na yanka kuwa Goggo ba ta taɓa kama shi ba. Ba ƙeta ba ce. A auren Goggo na fari, can ƙasar Shira, ta haifi 'ya mace wadda ta koma tun ba ta fara rarrafe ba, daga ita kuma ba ta sake haihuwa ba. Sai aka yi dace ko rashin dace, sunan Amarya ɗaya da na 'yar farin nan. Macen zamaninsu kuwa gara ta haɗiyi garwashi da ta kira sunan ɗan fari. Sau ɗaya Laraba ta tambaya tana yarinya, aka dungure mata kai aka ce sai ta girma. Da ta girma sai ita ma nauyin tambayar ya kama ta. Ta yi aure a Azare, ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, shekaru suka yi ta wucewa, in ta idar da salla ta ce Allah ya jiƙan mahaifiyata, ta san dai Allah ya san wa take nufi.

Ana haka 'yarta ta fari, Ummu Salma, ta haifi mace. Surukinta Najmuddeen, malamin makaranta mai ladabi har ya yi yawa, ya zo ya durƙusa ya ce tasa uwar an riga an yi mata takwara a gidan wansa, don haka wannan ta mahaifiyar Mama ce, ta faɗi sunan kawai. Daɗi ya kama Laraba, kunya ta biyo baya ta danne daɗin. Yaya mace mai furfura za ta buɗe baki gaban suruki ta ce ba ta san sunan uwarta ba? Ta ce masa za ta yi waya kafin ranar suna. Washegari ta rufe kaskon suya ta shiga motar Katagum.

Ta daɗe rabonta da gidan. Sa'adiyya, matar ɗan ƙanin mijin Goggo, wadda ke kula da tsohuwar, ta tare ta tun a zaure ta ce ta shirya zuciyarta. Jiki da sauƙi, tana cin tuwonta, amma kan ya tafi. Ba ta san Sa'adiyya ba, ba ta san yaran gidan ba, kullum tana tambayar mutanen da ƙasa ta daɗe da cinyewa.

Goggo na zaune a rumfa, ta ƙanƙance, ƙafafu miƙe a tabarma. Tana ɗaga ido fuskarta ta washe.

“Amarya, kin dawo? Zauna a hankali, kada ki matse cikin.”

Laraba ta zauna. Sai wani buri ya taso mata. Tunda tsohuwa ta koma shekarar hannun dama ta tare a can, ta kuma ɗauke ta uwarta ce, ƙila kunyar ma ta bi sauran abubuwan da suka zube. Sai ta biye mata, ta gaishe ta da Yaya, kamar yadda matar ƙani za ta yi.

Goggo ta ɓarke da hira. Wannan karon ba labari take bayarwa ba, a ciki take. Ta yi ƙorafin sojan da ya taka mata ƙafa a kasuwa jiya, ta ce Yunusa ya tafi kai gyaɗa bai dawo ba, ta tambaya ko shuɗin zanen da suka sayo ya zuba da aka wanke. Ta rera waƙar direbobi tsaf, ba ta tsallake kalma ba, matar da ba ta san ko ta karya kumallo ba. Laraba ta ji ƙanshin shekarar nan kamar ta miƙa hannu ta taɓa, shekarar da ita ba ta ga komai a cikinta ba sai nono da bayan Goggo. Ta bari hira ta yi daɗi, sannan ta sassauta murya.

“Yaya, ni kam wane suna aka raɗa mini a rugarmu? Na mance.”

Goggo ta ja gefen mayafi ta rufe baki, ta kau da kai tana 'yar dariya irin ta 'yan mata.

“Ke dai Fulanin nan naki bai hana ki tsiya ba. Ni zan kama sunan nan? Da bakina?”

Laraba ta lallaɓa, ta roƙa, ta ce a raɗa mata a kunne ba wanda zai ji. Da abin ya ƙi sai ta shiga jero sunaye tana duban fuskar tsohuwa, ko za ta ga inda ido zai motsa. Hauwa? Ramatu? Habiba? Kowane ta kira, Goggo sai ta sunkuyar da kai tana tsinkar bakin tabarma, iri ɗaya, ba bambanci. Tsufa ya kwashe mata miji, ya kwashe gida da ranakun mako, ya bar mata kunya cif ba ta rage ba.

Da rana Laraba ta shiga maƙwabta wajen Ya Gana, ita kaɗai ta rage cikin sa'o'in Goggo. Tsohuwar ta tuna wushiryar, ta tuna dariyar, amma ta ce ai kowa Amarya yake ce mata, ba ta daɗe ba balle amarcin ya tsufa a koma ga suna. Limamin da ya ɗaura auren ya rasu, 'ya'yansa ma sun rasu. Rugar kuwa ta tashi a farin da ya biyo baya, sun yi kudu da abin da ya rage na shanu, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Batun Shira ma Ya Gana ta ce kada ta wahalar da ƙafarta, ko sunan ƙauyen ba wanda ya riƙe, wa zai riƙe na jaririyar da ba ta rarrafa ba?

Laraba ta dawo tana jin haushi, kuma ba na kowa ba ne sai nata. Shekara hamsin da ɗoriya tana cewa Goggo a ƙara mini na mai jaki, a ƙara mini na mota. Ta haddace farashin kifin shekarar, ta haddace waƙar direbobi, abu ɗaya da ya zama nata ta bar shi sai gobe. Ta zauna bakin rumfa ta yi kuka mai isarta, Goggo na shafa mata baya tana cewa ta yi haƙuri, haihuwar fari haka take da tsoro.

Da la'asar ana jajibirin suna wayar Najmuddeen ta shigo. Ya ce rago ya iso, an raba goro, liman kawai ke jiran abin da zai raɗa da safe. Laraba ta share ido ta ce su sa wanda ya yi musu, kowane suna na Musulmi ne. Ya ce to Mama, bai tambayi dalili ba, wannan ladabin nasa ya ƙara ƙona mata rai.

“Yaya yarinyar nan, jikin nata?” in ji ta.

Sai da maganar ta fita ta ji ta. Yarinyar nan. Tun ranar da ta haifi Ummu Salma ba ta taɓa kiranta da wani abu ba sai haka. Ta buɗe baki ta gyara, ta kira sunan ko sau ɗaya, harshen ya yi nauyi ya ƙi tashi. Najmuddeen ya ce da sauƙi, ya yi sallama ya kashe.

Goggo ta jawo kwanon gyaɗar da Sa'adiyya ke ajiye mata don hannunta ya sami abin yi. Ta ɓare ɗaya, ta dubi cikin Laraba da murmushi.

“Amarya, in mace kika haifa, sunan wa za a sa?”

“Ban sani ba, Yaya,” in ji Laraba. Ta matso ta sa hannu a kwanon, suka ci gaba da ɓara.