Ganye Biyu a Tumbin Saniya

Shekara ashirin ina fawa a garinmu da ke kusa da Gidan Sori, amma ban taɓa yanka shanu bakwai a safiya guda ba sai a daminar da ta biyo bayan Taron Ƙasa. Ba biki ake yi ba. Kwance na tarar da su a saurar wani manomi, Labo, gonar da ya bari ta huta, ciki ya kumbura kamar salka, harshe a waje. Na dinga bin su da wuƙa don kada su zama mushe. Wasu biyu ma sun riga ni.

Shanun na mutanen gari ne. Mai kiwonsu Dikko, tsohon Bafillacen da rugarsa ke bayan gari tun kafin a yi mini kaciya. Duk wanda ya samu ɗan abin hannu ya sayi karsana, wurinsa yake kai ta ya koma ya yi barcinsa. Nasa shanun sun ƙare a farin tamanin da huɗu. Abin da ya rage masa shi ne yardar mutane, da nonon da matarsa Zulai ke tatsa. Duk ranar da aka kwashe shanun nan, ruga ta mutu.

Ban gama wanke wuƙa ba gari ya yanke hukunci. A lokacin kowa ya zama alƙali. Parti-parti sun shigo, rediyo ya ce kowa na da bakin magana, mu kuwa muka ɗauka har da bakin ƙarya. Labo ɗan wani parti ne, yawancin masu shanun na ɗayan, ga shi bara sun yi cacar baki a kan burtali. Shi ke nan, wai Labo ya barbaɗa maganin fara a saurarsa. Wani har ya rantse ya gan shi da gwangwani. Kafin azahar an tsare Labo a zauren mai gari, an tura mutum Gidan Rumji kiran jandarma, an hana kowa taɓa naman. Labo mutum ne mai ɗacin baki, ni ma ba ma ga-maciji da shi, amma ban taɓa jin ya cuci ko kaza ba.

Ni aka bar wa aikin binnewa. Mahauci kuwa ba ya iya rufe dabba bai leƙa cikinta ba, ɗabi'a ce. Na farka tumbin farko, kumfa kore ta biyo. Na ɗebo abin da ba ta samu tuƙawa ba, na ɗauraye a ƙwarya, na duba da kyau.

Akwai ciyayi biyu da ke fitowa da ruwan farko, kwance a ƙasa, gadagi da marak. Suna ƙanana, in ka dube su daga tsaye sai ka rantse uwa ɗaya uba ɗaya. Amma gadagi ganye ɗaya-ɗaya yake yi, mai faɗin farcen babban yatsa. Marak biyu-biyu, sirara. Gadagi ƙiba yake sa wa dabba. Marak ma abinci ne in ya ƙosa, amma ɗanye da raɓa, a cikin da ya kwana da yunwa, kumburi yake kawowa. Abin da ke cikin ƙwaryata duk biyu-biyu ne. Na farka sauran tumbunan, haka.

Wanda ya koya mini wannan bambanci kuwa Dikko ne da kansa.

Da la'asar na bi ta saurar, na tsinko marak na nufi ruga. Na same shi zaune a gindin aduwa, sanda a kan gwiwa. Na durƙusa muka gaisa, na yi masa jaje. Sannan na ɗaga ciyawar a gabansa, tsakaninmu bai fi kamu uku ba.

"Baffa, mi na na wanga?"

Ya zura mata ido ya daɗe. A nan na lura da farin da ya lulluɓe ƙwayar idonsa. Kullum malafarsa a sauke take, shi ya sa ba wanda ya kula.

"Ba ni nan, Idi," ya ce.

Yatsunsa na taɓa ta ya sake ta ta faɗi. "Dengere, da Fillanci. Marak naku. Ka buɗe cikinsu ke nan."

"Na buɗe. Baffa, tun yaushe?"

"Tun rani. Nagge ina ganinta, mutum ina ganin inuwatai. Haki kau, kore ɗai nika gani."

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. "To in hannunka ya san ta haka, mi ya hana ka duƙa ka taɓa kahin ka saki shanun mutane?"

"Shekara arba'in daga tsaye nika duban haki," ya ce a hankali. "Hanyar rijiya ta nan ta bi. In mata sunka ga Dikko duƙe yana lalube kamar mai biɗar allura, kahin hantsi gari ya ji. Bara gadagi na a wurin. Nic ce bana ma shi na."

Shanu tara, saboda kunyar duƙawa! Zulai tana bakin bukka da ƙwarya a hannu, ta ji komai, ba ta ɗago kai ba. Tausayi ya kama ni har na fara neman masa mafita. Na ce ai ana iya cewa wata cuta ce ta iska, tunda ni kaɗai na ga tumbin, kuma na rufe rami.

"Za su yarda da cuta, Labo yana hannunsu?" ya tambaye ni.

Na san mutanenmu. Sun riga sun ɗanɗana, ba za su sake shi ba.

"Kai dai yi kurum. Ni za ni hwaɗi."

Washegari da hantsi motar jandarma ta iso, gari ya cika ƙofar mai gari. Dikko ya ratsa taron, ya cire malafarsa a gaban manya da yara, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce ba magani a saurar Labo, marak ne, shi ya kai shanun da ƙafarsa, don idonsa ya tafi tun rani kuma ya ɓoye. Ya ce Idrisa mahauci shaida ne. Na ce haka ne.

Wallahi wasu fuskokin haushi na gani a kansu, an ƙwace musu nama a baki. Aka saki Labo, ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Ya tofa yawu ya wuce gida. Jandarma suka sha ruwa suka koma.

Ba wanda ya zagi Dikko. Da ma zaginsa aka yi. Tun yammacin ranar mutane suka fara zuwa ruga da igiya, kowa da sallamarsa mai daɗi. Wannan ya ce matarsa ke son nono a gida, wancan ya ce zai kai kasuwar Gidan Rumji. Shi kuma yana cewa to, to, yana kwance musu da hannunsa.

Ni ma ina da karsana guda a wurinsa, ja mai farin goshi. Na ce wa kaina ni ba irinsu ba ne, zan bar ta. Na kwana ɗaya, na kwana biyu, ina tuna kumfar nan. Ita ke nan gare ni. Rana ta uku na ɗauki igiya.

Ita kaɗai ta rage a turke. Ban iya ƙirƙiro dalili ba, shi ma bai nema ba. Ya shafa wuyanta, ya ɗaura mata igiyar da kansa, ya miƙo mini.

"Kak ka sake ta da sahe sai raɓa ta bushe," ya ce. "Na gode da ka kai kwana ukku."

Na ja, ta toge. Na sake ja, ta juya kai wajensa tana kuka. Yana tsaye yana ji, sai da na doke ta kafin ta bi ni.