Madubin Baffa Tolegen

Wata uku cur Saltanat ta yi tana zaɓen madubin hangen nesa da za ta ɗora wa bindigarta. Gasar harbin nesa ta sababbin shiga ce a bayan garin Karaganda, sau ɗaya ake yin ta a shekara, kuma mutum ukun farko kaɗai ake ɗauka cikin tawagar lardi. Ta tambayi wannan, ta leƙa na wancan, har ta tsaya a kan mai siririn zane a ciki, da ƙananan ɗigogi jere hagu da dama, don in iska ta taso mutum ya san ɗigo nawa zai kauce.

Sai ga Baffa Tolegen, yayan mahaifinta, tsohon mafarauci. Ya leƙa madubin ya ja tsaki.

"Wannan madubi ne ko rariyar tankaɗe? Mai ido ba ya neman ɗigo, 'yata."

Ranar Lahadi, dangi na zaune kan naman doki, ya kwance ƙunshi ya fito da nasa, wanda ya kashe kyarkeci ashirin da bakwai da shi. Layi biyu ne kawai a ciki, a gicciye, masu kauri kamar igiyar shanya. Ya miƙa mata a gaban kowa, ya ɗaga hannu ya sa albarka, aka shafa. To wa ya isa ya ajiye kyautar da babba ya sa wa albarka? Ta dubi mahaifinta, ya sunkuyar da kai cikin kwano. Baffa kuwa ya ce ranar gasa da ƙafarsa zai zo kallo.

Haka ta ɗora shi, ranta na tafasa.

Ranar gasa, a mita ɗari uku farantin ƙarfen da ake harbi ya yi ƙara. A ɗari biyar da ƙyar. Da aka kai ɗari takwas farantin ya koma ɗan mitsitsi, layin nan mai kauri ya haɗiye shi ƙurmus.

"Iska daga dama!" in ji Meruyert, ƙawarta mai duba mata inda harsashi ya sauka. "Kauce ɗigo biyu!"

"Wane ɗigon? Ke kin ga ɗigo a nan?"

Harsashi biyar, ƙura biyar. Ta goma sha ɗaya ta zo.

Da Baffa ya ja bakinsa ya yi shiru, wallahi da ta haɗiye. Ina! Sai ya juya wajen maza yana dariya.

"Madubin nan bai taɓa ba ni kunya ba. Hannun mace ne, me kuke so ya yi?"

Nan idonta ya rufe. Ta je ta roƙi alƙalin gasa harbi ɗaya tak, ta dawo ta nuna shimfiɗar da ake kwanciya a yi harbi.

"Baffa, bismillah. A nuna mana hannun namiji."

Tsoho ya kwanta, ya kafa ido. Ya gyara kafaɗa, ya goge gilashin da hularsa, ya sake leƙawa. Yatsansa ko kusa da kunamar bindigar bai je ba.

Can ya ɗago, murya ƙasa-ƙasa. "'Yata, sun cire farantin ne?"

"Yana nan, Baffa, bayan layinka. Ka ci gaba da nema, ai babu sauri. Ni dai sai baɗi."