Mbok Waginem Ta Koma Gida

Jif ɗin ta faɗa wani rami ta fito, fasinjojin da ke baya suka saki ihu suna dariya, daidai lokacin wayar Parjiman ta fara ruri a aljihunsa. Ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ya maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa. Matarsa ce, Sumiyati.

"Mas, Mbok ba ta gida." Mas suke kiran namiji don girmamawa, Mbok kuwa uwa; mahaifiyarsa take nufi.

"Kin leƙa maƙwabta?"

"Na leƙa. Na duba masallaci, na duba bakin titi. Shanya kawai na je yi, na dawo na tarar da ƙofa a buɗe. Har tsintsiyar babu."

"Takalmanta fa?"

"Ga su nan a bakin ƙofa."

Ya ce mata ta zauna a gida ko Allah zai sa ta dawo, ya kashe wayar. Ya ɗaga kai ya dubi Merapi, dutsen nan mai aman wuta. Dutsen yana nan tsaye, tas, da ɗan farin hayaki a bakinsa kamar mai shan taba da hantsi.

Fasinjojinsa na yau ma'aikatan wani ofis ne daga birnin Surabaya, duk sanye da riguna iri ɗaya. Shugabansu, Pak Hendro, kamar a ce Malam Hendro, ƙaton mutum ne da hular kwano ta ƙi shiga kansa, kuma tun da suka taso bakinsa bai rufu ba. Kusa da shi wata budurwa ce mai gajeren gashi, Ratri, sai samari biyu da ba su da aiki sai ɗaukar hoto.

A mararraba Parjiman ya karya kan mota zuwa dama.

"Mas, Mas!" in ji Pak Hendro. "Ai na ga sauran motocin hagu suke yi. Ba wurin ƙaton dutsen nan mai fuskar mutum za ka kai mu ba?"

"Za mu je, Pak. Akwai inda za mu fara tsayawa."

"To, ka ji direba mai sirri. Allah sa ba sayar da mu za ka yi ba, don ni nauyi gare ni, ba mai saye."

Suka kwashe da dariya. Parjiman ya yi musu murmushin da ya saba yi wa baƙi.

Hanyar ta haura cikin ciyayi masu tsawo da bishiyoyin da suka tsiro bayan gobarar dutsen. Nan ƙauyensu yake a da. Shekarar da dutsen ya sauko da gajimaren wuta, Parjiman ne ya goya mahaifiyarsa a babur ya yi ƙasa da ita. Mahaifinsa ya ce shi sai ya kwance shanu tukuna, ƙanwarsa Tuminah ta tsaya taya shi. Ba su iso ba. Daga baya gwamnati ta gina wa waɗanda suka tsira gidaje a can ƙasa, a jere, fenti iri ɗaya. Masu tatsar madara suka zama direbobin jif, suna kai baƙi kallon inda suka taɓa zama.

Kangon gidansu yana kan hanyar. Direbobi da yawa suna tsayawa a wurin saboda bangon bai faɗi ba, kuma in ka tsaya a ƙofar, dutsen yana fitowa daidai bayanka a hoto. Parjiman bai taɓa tsayawa da baƙi a nan ba. In ya zo wucewa sai ya nuna musu wani abu a ɗaya gefen.

Mahaifiyarsa kuwa, Mbok Waginem, ta jure shekaru ba ta ambaci tsohon ƙauyen ba. Sai a 'yan kwanakin nan da tunaninta ya fara zubewa take tambayar wa ya tatsi shanu, wa ya kai wa baban Parjiman abinci gona.

Tun daga nesa ya hango wata jif a gaban kangon, da mutane sun yi da'ira, kowa ya ɗaga waya. A tsakiyar falon da ba shi da rufi, wata ƙaramar tsohuwa ta duƙa tana shara, zaninta ya yi futu-futu da toka.

"Kai!" Pak Hendro ya miƙe tsaye a cikin motar. "Har da tsohuwa kuka ajiye tana wasan kwaikwayo? Lallai kun iya sana'a, Mas. Ku ɗauko min ita da kyau, dutsen ya fito."

Parjiman ya ja birki, ya kashe mota.

"Mahaifiyata ce, Pak. Gidanmu ne."

Bai tsaya ganin fuskarsa ba. Ya dira ya ratsa mutanen. Direban ɗaya motar, Ngatijo, ɗan ƙauyensu ne, yana ganinsa ya fara kora baƙinsa. "Ku zo, ku zo, lokaci yana tafiya, ku sauke wayoyin nan don Allah." Da ya zo giftawa ya ce masa a hankali, "Yanzu nake shirin kiranka. Na yi na yi ta shiga mota, ta ce ba ta gama aiki ba."

Parjiman ya durƙusa a gabanta. Ƙafafunta duk sun tsage, jini ya haɗu da yashi ya bushe.

"Mbok."

Ta ɗago ta harare shi. "Sai yanzu? Dubi yadda kuka bar gida. Yashi har ɗakin babanka. Kwana nawa na yi da za ku mai da min gida haka?"

"Ki yi haƙuri, Mbok. Zo mu tafi, ni zan share."

"Kai? Tun yaushe ka iya shara?" Ta leƙa bayansa, ta ga mutum huɗun tsaye a bakin ƙofa sun cire hulunansu. Sai ta gyara ɗaurin zani, muryarta ta sauka. "Ka kawo baƙi ba ka faɗa min ba? Ko ruwan shayi ban ɗora ba. Ku shigo, ku shigo, ku yi haƙuri da gidan. Maigidan ya tafi yankan ciyawa, yanzu zai dawo."

Pak Hendro ya sunkuyar da kai ya shigo kamar mai shiga gidan surukai. Samarin suka sa wayoyinsu a aljihu. Ratri ce ta ƙarshe. Tana tako ƙofar, tsintsiyar ta faɗi daga hannun tsohuwar.

"Tuminah."

Ratri ta dubi Parjiman. Tsohuwar ta miƙa mata hannu.

"Wa ya yanke miki gashi? Zo nan. Zo in gan ki."

Ratri ta matso, ta durƙusa, ta kama hannun tsohuwar ta kai goshinta. Mbok Waginem ta shafa kanta, ta shafa kumatunta, ta juya hannuwanta tana duba fatar ciki da baya.

"Na ce ki hau babur ɗin, kin ƙi ji. Ke da babanki kanku ɗaya."

"Ki yafe min, Mbok," in ji Ratri.

Tsohuwar ba ta saki hannuwan ba. Sai ta matso da bakinta kusa da kunnenta, amma kowa ya ji.

"Da zafi, ko?"

Ratri ta girgiza kai. "Babu zafi, Mbok. Ko kaɗan ban ji ba. Kamar barci ne ya ɗauke ni."

"Babanki fa?"

"Shi ma haka."

Parjiman ya tashi ya fita ta inda ƙofar baya take a da. Shi ne ya hau tare da masu aikin ceto ranar da toka ta huce. Shi ya gano su a bakin garken, kuma ya ga yadda suke kwance. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko Sumiyati. Ya dafa bango ya tsaya har numfashinsa ya daidaita.

Da ya dawo ya tarar Pak Hendro ya zauna a ƙasa dirshan, ya cire ƙyallen da ya ɗaura a wuyansa saboda ƙura, yana naɗe wa tsohuwar ƙafa, ita kuma tana faɗa masa cewa ya cika ƙiba, ya rage cin shinkafa da dare.

"Gaskiya ne, Mbah," yake cewa, yana kiranta kaka. "Matata ma haka take faɗa."

"Mbok, mu tafi," in ji Ratri. "Rana ta yi."

Wannan karon ba ta yi gardama ba. Parjiman ya ɗauke ta cak, ba ta fi nauyin yaro ba, ya zaunar da ita a gaba. Ratri ta zauna a bayanta ta zura hannu ta riƙe kafaɗarta.

"Kai ta gida, Mas," in ji Pak Hendro. "Dutsen ba inda zai je."

Suka gangaro. Hanya mafi kusa ta ratsa ƙoramar da jif-jif ke shiga da gudu don su jiƙa baƙi. Parjiman ya shiga ruwan a hankali, amma wata mota ta taho da gudu cike da 'yan makaranta, ta watso musu ruwa har fuska. Ya juyo a firgice. Mbok Waginem tana goge ido da bayan hannu, tana dariya, bakinta ba haƙora, irin dariyar da ya manta tana da ita.

"Mahaukata," ta ce. "'Ya'yan wa ne?"

Sumiyati tana tsaye a bakin layi. Ta rugo tana salati, suka shigar da tsohuwar, aka kawo ruwan ɗumi a roba. Mbok Waginem ta zauna a kujera ta miƙa ƙafafu ana wanke mata, idanunta suna lumshewa. Ratri ta jira har aka gama, sannan ta durƙusa za ta yi sallama.

Tsohuwar ta buɗe ido ta dube ta da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, ta kira ta Mbak, yadda ake kiran kowace budurwa.

"Mun gode, Mbak. Daga ina kuke?"

"Daga Surabaya, Mbah."

"Da nisa. A sauka lafiya, a gai da mutanen gida."

Ratri ta tashi da sauri ta fita, hannunta a kan baki. Parjiman ya ɗauki makullin mota zai bi ta, sai ya ji an riƙe masa gefen riga.

"Parji."

"Na'am, Mbok."

"Tuminah ta ce ba su ji zafi ba. Ita da babanka duka."

Sumiyati ta ɗago daga kan robar ta dube shi. Ya girgiza mata kai kaɗan, kada ta tambaya.

"Na ji, Mbok," ya ce. "Ina wurin ta faɗa."

Ta saki rigar, ta jingina kai ta rufe ido. Ya tsaya har ya ga ƙirjinta yana hawa da sauka a hankali, sannan ya fita inda baƙinsa ke jira a mota.